Kujerar Randa

Mijin yayata Randa ne a bakin kowa. Ko 'ya'yansa aka tambaya gidan wa suke, cewa suke yi gidan Randa. Ya samo sunan tun yana saurayi, yana lodin yashi da shebur a gidan bulo, saboda faɗin jikinsa da yawan ruwan da yake sha. Farkon zuwansa gidanmu ina yaro, aka ba shi benci ya zauna, benci ya karye, kuma tun ranar ban bar shi ya sha iska ba. Shi ma bai raga mini ba. Sauro yake kirana, don a lokacin siriri ne ni. Yanzu tumbina yana riga ni shiga ɗaki, amma har gobe Sauro nake a wurinsa.

Daga shebur ya koma tura baro. Da mai gidan bulon ya sayo ƙaramar loda ta ɗibar yashi, irin wadda take juyawa a inda take tsaye, wadda sai direba ya taka bokitinta ya shiga ta gaba ya jawo sandar tsaro a kan cinyarsa, leburori suka yi ta dariya wai ko an shafa wa Randa mai ba zai shige ba. Ya shige, ya cika ta taf kamar ƙafa a takalmi. Da kansa ya koya, lokacin hutun rana, kuma bai sake sauka ba. Loda biyu ya ga bayansu, wannan ce ta uku. Ba ya sako yashi daga sama ya daki bayan mota, sai ya sauke bokiti a hankali, ya ce motar mutane ce. In an yi ruwa yakan fita ya baje lungun da ke gaban ƙofa don masu baro da 'yan makaranta su samu hanya. Mai gida ya yi faɗan man da ake ƙonawa har ya gaji ya zuba ido. A kan wannan kujera Randa ya raini 'ya'ya mata huɗu, kuma ban taɓa jin ya ce ya gaji da ita ba.

Ni sana'ata wayarin, wato gyaran wayoyin wuta na motoci da na manyan injuna. Na daɗe ban leƙa gidan yayata ba, aiki ya yi mini yawa, sai ga kiran mai gidan bulon. Ya ce loda ta hana su sakat. Ana cikin aiki sai wata lamba ta fito a allon gaban direba, hannun loda ya sandare da bokiti cike a sama, sai an kashe an sake tayarwa. An canja man haidirolik da ke ɗaga hannun, an canja filta, duk a banza.

Da na isa ya ja ni gefe. "Abin da ya ɗaure mini kai, direban yamma bai taɓa ganin lambar nan ba. A hannun Randa kawai take yi. Ina jin nauyinsa, Allah ya sani, amma motoci suna layi. In abin bai gyaru ba zan mayar da shi gadin ƙofa, in bar wa direban yamma lodar."

Raina ya ɓaci, don na san a sa Randa gadi daidai yake da a ce masa ya gama amfani. Na same shi a inuwar loda cikin rigar aikinsa mai haɗe da wando, ya ɗora wata jaket a kai, ga rana tana dukan ƙasa.

"Yaya Randa, sanyi kake ji ko sabon gayu ne?"

"Sauro, gyara aka kira ka ko ɗinki? Duba mini yarinyar nan, ta fara yi mini rashin kunya a gaban mutane."

Fuskarsa ta ɗan faɗa. Na tambaya, ya ce likita ne ya hana shi maiƙo, ni kuwa na karɓa, don hankalina yana kan inji.

Lambar na san ta. Tana nufin wutar da ke buɗe kullen haidirolik ta ɗauke. Sai dai lamba ba ta faɗin inda wutar ta ɗauke, kamar yaro ne ya ce maka cikinsa yana ciwo. Na fara daga batir, na goge kawunansa na ɗaure. Na bi fis ɗaya bayan ɗaya. Na gwada koyil ɗin bawul ɗin da ke buɗe wa mai hanya, mitar gwajin wuta ta ce lafiyarsa ƙalau. Na zare soket-soket na hure ƙura, na girgiza damin wayoyin tun daga bayan kujera har inji ko akwai wadda ta gutsure a ciki. Makunnin sandar tsaro ma yana aiki. Daga nan na shiga da kaina, na zaga fili, na bi ta ramuka da gangan, na ɗebi tsakuwa na zubar. Ko gezau lodar ba ta yi ba.

"To ga ta nan," na ce. "Ladabi take yi wa manya."

"Tsoron tumbinka take ji," in ji shi.

Ya hau. Na lura ya daɗe yana taka bokitin kafin ya shige. Bai yi nisa ba, yana faɗawa ramin farko lambar ta fito, hannun loda ya tsaya cak.

Abu ɗaya ya rage ban duba ba. A ƙarƙashin kujera akwai ɗan makunni, nauyin direba ne yake danne shi. In ya saki, inji ya ɗauka direba ya tashi, sai ya kulle komai don kada bokiti ya faɗo wa mutum. Ban kawo shi a raina ba tun farko, don wa zai zargi makunnin nauyi a kujerar Randa? Na maƙala wayoyin mita a jikinsa, na ɗaure mitar a ragar ƙarfen da ke gefen direba inda zan gan ta, na ce ya ja a hankali ina biye da shi a ƙasa. Duk inda tayar loda ta daki tudu sai allura ta faɗi. Makunnin lafiyarsa ƙalau, waya lafiyarta ƙalau. Inji cewa yake yi babu kowa a kujera, ga mutum kuma a zaune ina kallonsa.

Na ɗaga masa hannu ya kashe. Da zai sauko na kama damtsensa don in taimaka, sai yatsuna suka kusa haɗuwa. A cikin jaket da riga babu komai sai ƙashi. Na kasa sakin hannun.

"Yaya, tun yaushe?"

Ya dubi wajen ofis, ya ga babu mai jinmu. "An kwana biyu. A hanji yake. Na je asibiti, suna ba ni magani, amma na ga yadda likitan yake kallon ƙasa in yana magana."

"Yayata ta sani?"

"Ita take rage mini wando. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba." Ya yi ɗan murmushi. "Sauro, ba na son in kwanta a ɗaki ana shigowa ana yi mini sannu da ƙaramar murya. In ina cikin nan mantawa nake yi. Ka haɗe wayoyin nan biyu kawai, ta daina tambayar ko ina nan."

Minti ɗaya ya ishe ni in yi hakan, kuma Allah ya sani zuciyata ta so. Amma na ce masa a'a. In jiri ya ɗebe shi ya zame, ko ya leƙo da kansa waje, babu abin da zai tsayar da hannun lodar, kuma akwai leburori a gabansa kullum. Ya fi ni sanin gaskiya ce. Ban taɓa ganin Randa ya sunkuyar da kai ba sai ranar, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na durƙusa na sake leƙa ƙarƙashin kujerar, rabi don aiki, rabi don kada ya ga idona. A nan na ga wani murfi a gaba, wanda ake murɗawa a daidaita ƙarfin sifirin ɗin da ke tallafe da kujera daidai da nauyin direba. An ɗaure shi har ƙarshe, tsatsa ta cinye shi.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ni ne, ranar da aka kawo ta. In ba haka ba ƙasa nake dangwara."

Na fesa mai, na bubbuga, na sa filaya, da ƙyar ya saki. Na ce ya hau ya zauna. Ina sassautawa ina kallon mita, kujera tana sauka da shi kaɗan-kaɗan. Na murɗa fiye da yadda na so in murɗa kafin allura ta tsaya ba rawa. Ya tayar, ya bi ramukan nan duka, ya ciko bokiti ya zuba wa motar da ke jira a hankali yadda ya saba. Lamba ba ta fito ba. Mai gida ya leƙo daga ofis, na ɗaga murya na ce kujera ce, na daidaita ta. Ya ce madalla, ya koma ciki.

Randa ya dawo ya ajiye bokiti a ƙasa, ya kashe inji, amma bai sauko ba.

"Ka kai shi ƙarshe?"

"A'a, da saura."

"Da yawa?"

Na shafa abin da ya rage na zaren kusar da murfin yake juyawa a kai. Bai fi faɗin yatsa biyu ba. Na ce zai yi.

"To nuna mini yadda ake yi. Kada in riƙa kiranka kana zuwa kana jiƙa mini wayoyi da hawaye."

Na kama hannunsa na ɗora a kan murfin, na ce hagu ake yi. Ya murɗa, bai motsa ba. Ya gyara zama ya sa hannu biyu, ya cije leɓe, murfin yana nan inda yake. Ya saki yana haki, muka kalli juna.

"Bar shi, Yaya," na ce. "Zan riƙa zuwa."