Doguwar Eriya a Kan Jinga

Sana'ata wayarin ɗin mota ce, a wata rumfa da ke bayan tasha a Haɗeja. A wata damina da ruwa ya yi mana yawa, ƙungiyar manoman shinkafa ta yankinmu ta samo na'urorin oba-oba, irin waɗanda ake dannawa a yi magana, a saki a saurara. Dalili shi ne da zarar kogi ya tumbatsa, sabis ɗin waya yakan ɗauke a ƙauyukan fadama, a rasa yadda za a ji halin da mutane suke ciki. An kafa babbar a ofishin ƙungiya, da dogon ƙarfe a kan rufi. Akwai ƙarama ta hannu. Ta uku kuwa a cikin motar ƙungiyar za a ɗaura ta, wata a-kori-kura mai kujeru gaba da baya. Direban motar kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, shi ya ce a kawo mini aikin.

Eriya uku na tarar a cikin kwalin. Ɗaya gajera ce mai mayen ƙarfe a gindi, a manna ta a rufi kawai. Ɗaya matsakaiciya, kamar kamu biyu. Ta ukun doguwa ce sosai, siririn ƙarfe mai sifirin a gindi da ɗan dunƙule a kai, in ka tsayar da ita a ƙasa ta wuce kanka. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Da gajerar, muna barin gari ta hanyar Malam Madori muryar sakataren ƙungiya ta fara kakkaryewa. Matsakaiciyar ta ɗan fi. Doguwar kuwa kamar yana zaune a kujerar baya.

Kawu bai so ta ba. Ya ce, "Kai, wannan sandar ta yi tsawo. Hanyoyin da nake bi ba titin gwamnati ba ne."

Na ce, "Kawu, ai sifirin gare ta. In ta taɓa reshe sai ta lanƙwashe ta miƙe."

Ya bar ni da aikin, na ɗauka na ci gardama. Na huda tsakiyar rufin, domin eriya tana son faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashinta ta kowane ɓangare. Na kankare fenti har ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, na bi da wayarta ta cikin silin nesa da wayoyin inji, na ɗauko wuta kai tsaye daga batir na sa fiyus. Aiki ya yi kyau, har maƙwabtan rumfa suna zuwa kallo. Reshen itace na yi tunani a kai. Ban yi tunanin komai ba bayan shi.

Kwana huɗu da gamawa aka aiki Kawu ya kai buhunan da ake cika wa yashi can wajejen Kirikasamma, inda mutane ke tare ruwa. Na bi shi don in ji iyakar inda murya za ta kai, na kuma riƙo ta hannun a cinyata. Mun sauke kaya da hantsi. Za mu juyo sai mutanen ƙauyen suka roƙe mu mu ɗauki wata dattijuwa mai ciwon ƙafa, 'yarta tana jiranta a asibiti a gari. Ƙafar ta kumbura har ba ta takawa, ɗaga ta aka yi aka zaunar a baya.

Hanyar da muka bi da safe ruwa ya riga ya haye ta, saboda haka Kawu ya hau wata jinga, wato tudun ƙasar da aka tara don tare ruwa. Faɗinta mota ɗaya ne, dama ruwa, hagu ruwa, ciyawar kachala ta cika ko'ina. Turakun wutar lantarki na wani ƙauye suna biye da gefenta. A wani wuri wayoyin suna tsallaka jingar, kuma ruwa ya ci gindin turke ɗaya har ya karkata, wayoyin suka yi ƙasa. Na gan su. Na ga rufin mota zai wuce lafiya, kuma a daidai wannan ƙiftawar ido na manta da abin da na kafa a kansa.

Sai muka ji ƙarfe ya karta, sannan "tas!" daga ƙarƙashin dashbod. Oba-obar ta mutu, wani siririn hayaƙi ya fito daga bayanta, warin ƙonannen roba ya cika motar. Kawu ya taka birki.

Na san wannan warin. Na kuma san abin da yake nufi: akwai wuta a wayar, ta biyo eriya ta shigo. Na leƙa ta madubin gefe ba tare da na fitar da kai ba. Eriyar ta lanƙwashe, ɗan dunƙulen kanta ya maƙale tsakanin waya biyu da suka sarƙe.

Kawu ya kai hannu zai buɗe ƙofa. Ban san lokacin da na damƙe masa wuyan hannu ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Kawu, kada ka sauka! Duk jikin motar nan wuta ce. Muddin muna ciki, tayoyi sun raba mu da ƙasa. Wanda ya sa ƙafa a ƙasa yana taɓe da mota, ta cikinsa za ta bi."

Ya dube ni, ya dubi ƙasar da ke jiƙe sharkaf. Ya ce, "To in ja da baya?"

Ya sa giya ya ɗan saki kuloci kaɗan. Motar ba ta yi taku ɗaya ba turken nan ya yi rangaji ya ƙara sunkuyowa kanmu, wayoyin suna rawa. Na yi ihu, ya tsaya, ya kashe inji. Shiru ya sauka, sai kukan kwaɗi da na tsuntsayen ruwa.

Dattijuwar ta ce, "Ɗan nan, me ya faru? Mun lalace ne?"

Na juya na yi mata bayani gwargwadon yadda zan iya. Ta saurara, sannan ta ce, "To ni ku sauke ni. In mutuwa ce gara ta same ni a ƙasa." Ta fara laluben marfin ƙofa. Kawu ne ya tare ta da magana, cikin wata murya mai sanyi da ban san yana da ita ba.

"Iya, ki yi wa Allah ki ɗora hannuwanki a cinya. Ni ma ga nawa. Yaron nan aikinsa ne, ya san abin da yake faɗa."

Wannan kalma ta fi zagi ciwo. Aikina ne, shi ya kawo mu nan.

Na duba wayata, babu sabis ko ɗigo. Na kunna oba-oba ta hannu na yi ta kiran ofis, ba abin da ke dawowa sai shuuu. Ƙaramar eriyarta ba za ta kai gari daga cikin mota a tsakiyar kwari ba. Na san akwai dabarar da ake faɗa, mutum ya yi tsalle ƙafa biyu haɗe ba tare da ya taɓa mota ba. Amma tsakanin taya da bakin ruwa bai fi taki ɗaya ba, ga santsi. Ko da ni na tsira, Kawu ya haura sittin, Iya kuwa ko tsayuwa ba ta yi.

Muka zauna. Rana ta take, rufin ya ɗauki zafi, gumi yana bin bayana, ni kuwa sanyi nake ji. Kowane motsi na iska sai wayoyin su yi ƙara a kan eriyar. Na riƙa kallon tayar gaba ta madubi, ina tunanin laka da ta lulluɓe ta, ina tambayar kaina ko jiƙaƙƙiyar taya tana raba komai da komai. Azahar ta yi, muka yi taimama da ƙurar kujera muka yi salla a zaune. Ban san abin da na karanta ba.

Muna sallamewa Kawu ya ce, "Inna lillahi." Na ɗaga kai. Garken shanu ne ya hawo jingar daga gabanmu, suna tahowa a jere, makiyayin yana can bayansu. Babu inda za su bi sai ta jikin motar.

Muka haɗa baki muna ihu, "Tsaya! Kada ku matso! Wuta! Wuta!" Shanun ba su san wuta ba. Ta gaban, wata fara mai manyan ƙahoni, ta yi ta tahowa har ina ganin danshin hancinta, ta miƙo wuya za ta shinshina bonet. Na runtse ido. Sai na ji makiyayin ya yi wani kira mai tsawo irin nasu na makiyaya. Da na buɗe ido ta tsaya, ta kaɗa kunne, ta juya ta gangara cikin ruwa can nesa da turken, sauran suka bi ta.

Makiyayin magidanci ne, dogo, da malfa da sanda. Ya tsaya nesa ya ɗaga kai ya bi wayar da kallo har zuwa kan eriyar. Bai buƙaci dogon bayani ba. Ya ce, "Baba, ƙauyen da wayar nan ta nufa ruwa ya yanke shi, sai da kwalekwale. Me zan yi muku?"

Na ce, "Malam, zan jefo maka wani abu. Kada ka matso, ka jawo shi da sanda."

Na tattara hannun rigata, na auna tsakiyar taga don kada fatata ta goga ƙarfe, na wurga oba-obar. Ta faɗi a laka, ya jawo ta ya goge da rigarsa. Daga nan na riƙa koya masa da ƙarfi: ya danna abin da ke gefe, ya yi magana, ya saki. Ya nemi wuri mai tudu, in da hali ya hau itace. Ya ce motar ƙungiya ta maƙale da wayar wuta a kan jinga, a je a kashe wutar layin.

Akwai wata tsamiya can baya inda jingar ta haɗu da tudu. Muna hangensa ya jingine sanda ya hau. Ya daɗe, sannan ya sauko ya dawo da sassarfa.

"Na faɗa har sau biyar. Ba wanda ya amsa."

Sai na lura da babban yatsansa, har yanzu yana danne da abin.

"Malam, ka saki! In ba ka saki ba, ba za ka ji su ba!"

Ya dubi hannunsa, ya juya da gudu. Wannan karon da ya dawo tun daga nesa yake ɗaga hannu. "Mutumin ofis ya ji! Ya ce kada wanda ya motsa, ya tafi wurin masu wuta da kansa!"

Iya ta fara hamdala. Ni ban iya ba tukuna, domin na ga abin da ke tasowa daga gabas. Hadari ne, baƙi ƙirin. In ruwa ya sauko zai bi jikin motar ya zuba ƙasa, ya kuma shigo ta tagogi, ga turken da ke tsaye da ƙyar. Muka ɗaga gilasai a hankali. Iska ta taso, turken yana lilo, motar tana amsa kowane jan wayar. Makiyayin bai tafi ba. Ya koma can baya ya tsaya a tsakiyar jingar, ya mayar da wasu masu keke biyu da suka taho.

Yayyafi ya fara sauka a kan gilashi ɗigo-ɗigo. Ina ƙirga su kamar wanda ya zauce. Kawu yana jan carbi, ban taɓa ganin leɓensa ya bushe haka ba. Na ce, "Kawu, ka yafe mini." Bai juyo ba, ya ce, "Ka bari sai mun sauka."

La'asar ta gota lokacin da muka ji ƙarar babur. Sakataren ne, ɗauke da wani ma'aikacin wuta mai safar roba har gwiwar hannu da doguwar gora. Ma'aikacin ya ce ya cire fiyus ɗin layin da hannunsa. Duk da haka sai da ya gwada wayar da abin gwajinsa, ya gwada jikin motar, sannan ya sa gorar ya ɓanɓare kan eriyar. Ta miƙe tana karkarwa.

"Ku fito."

Ba wanda ya motsa. Sai da ya dafa bonet da tafin hannunsa tsirara, ya bubbuga, sannan na buɗe ƙofa. Na sauka cikin laka. Na tambaye shi ko da wuta a layin duk tsawon zamanmu. Ya ce, "Da wuta na same shi."

A nan kan jingar, cikin ruwan da ya fara zuba sosai, na hau rufi na kwance eriyar, na toshe ramin da leda. Makiyayin ya miƙa wa sakatare oba-obar, ya ce shanunsa sun yi nisa, ya bi su. Muka kai Iya asibiti kafin magariba. Da 'yarta ta tambayi abin da ya tsayar da mu, sai ta ce, "Hanya ce ba kyau."

Washegari na buɗe na'urar na tarar cikinta ya ƙone ƙurmus. Da aka samo wata bayan makonni, matsakaiciyar eriyar na ɗaura, na kuma sa igiya na auna daga ƙasa zuwa ƙarshenta, na rubuta tsawon da fenti a gaban sitiyari. Muryar ba ta kaiwa ƙauyukan nesa irin su Baturiya, sai Kawu ya nemi tudu ya tsaya kafin ya kira. Mahaifiyata kuwa ba ta ji labarin daga bakinsa ba. Ni na gaya mata da kaina bayan ruwa ya janye, ta ajiye tankaɗen da take yi ta daɗe tana kallona.