Ɓawon Lemun Iya Ba Na Sauro Ba Ne

Abu biyu danginmu ke faɗi a kan shayin lemu, kuma duka biyun kuskure ne. Wai Baffa Lawal ne ya fara kawo shi gidanmu a cikin gwangwani. Wai kuma ɓawon lemun da Iya ke ratayewa a saman murhu na korar sauro ne. Na gaji da jin wannan a kowane suna da biki. Ina wurin, ni na karanta gwangwanin da bakina, saboda haka bari in faɗi yadda aka yi.

Iya kakarmu ce ta wajen uba. A gidanmu na Ƙofar Durbi tana da murhunta ita kaɗai, duwatsu uku ƙarƙashin 'yar rumfar kara. Da an sallame Magariba sai ta hura wuta, mu jikoki mu zagaye ta, ta yi mana tatsuniya har a kira Isha'i. Saman kanta igiya ce cike da ɓawon lemu, dogaye, sun nannaɗe sun yi duhu don hayaƙi. Daga wajen Malam Idi mai lemu ake karɓo mata, kuma ba ta son guntu, sai wanda ya fere a zare ɗaya bai tsinke ba. Kullum akwai wata 'yar buta baƙa ƙirin a gefen garwashi. Kowa ya ɗauka jiƙon tari ne na tsofaffi. Ni kaɗai, don kwaɗayi, na taɓa kurɓa tana alwala. Da ta kama ni cewa ta yi, "Ƙawata, riƙe bakinki. Butar ƙarama ce."

Lokacin da kuɗin mai suka ɓarke, Baffa Lawal, ɗan farin Iya, ya samu kwangila ya koma GRA. Ina ajin ƙarshe na firamare ya zo wata Alhamis da yamma, ya gaida kowa, sannan ya ce jibi magina za su zo su shafe tsakar gida da siminti. Rumfa za ta tafi, murhu zai tafi. Ya sayo wa Iya risho.

"Hayaƙin nan ya isa haka, Iya," in ji shi. "Ga wannan sharar da kike ratayewa. In na zo da baƙi kunya nake ji. Maganin sauro ya cika kanti."

Iya ba ta kiran sunansa don ɗan fari ne, ba ta kuma yi masa musu gaban mutane. Ta ce, "To, Alhaji." Wa ya taɓa zagaye risho yana sauraron tatsuniya?

Don ya sanyaya mata rai, sai ya fito da wani jan gwangwani mai zanen zinari, shayin Turawa ne da ya sayo a Kano. Innata ta haɗa shi a kofunan tangaran na jerenta. Baffa ya miƙo mini gwangwanin.

"Binta 'yar boko, karanta musu abin da aka zuba a ciki, su ji yadda duniya ta ci gaba."

Na karanta ina mayarwa Hausa. Ganyen shayi, kanumfari, citta, kirfa. Na ƙarshen sai da na maimaita shi a zuci kafin in faɗa: busasshen ɓawon lemu. Na kurɓi nawa. Ƙamshi kam akwai, amma da ya shiga baki sai ya ɓace.

Na ce, "Wannan ai shayin Iya ne. Sai dai kamar an ɗauraye kofinta an ba ni ruwan."

Inna ta mintsine ni har na zabura. Baffa ya ɗaure fuska.

"Ƙyale ta, Asabe," in ji Iya. "Ku matso, ga wata baƙuwa ta sauka bakin murhu."

Muka amsa yadda muka saba in za ta fara tatsuniya, "A shimfiɗa mata tabarma!"

Ta ce a wani gari mutane na shan lemu suna zubar da ɓawon a gindin ganuwa. Wani baƙo ya zo da jaki ya roƙi sharar, suka yi masa dariya, har suka taya shi lodi. Ya ƙetare rafi, ya shanya, ya daka, ya zuba a koko mai zane ya rufe da faifai. Ya sauya jaki da raƙumi, ya naɗa rawani, ya dawo yana shela, ga ƙamshin ƙasar da ba ku taɓa zuwa ba! Gari ya yi ribibi, mai rago ya ba da rago, mai zane ta ba da zane. Sai wata akuya da ke kiwo a gindin ganuwa ta kutso ta sansana kokon.

"Ta kaɗa kunne ta ce, wanga ai kalacina ne na jiya!" Iya ta dube ni ta gefen ido. "Akuya ce marar ladabi, kamar wata da na sani. Nan baƙuwa ta naɗe tabarmarta ta tahi."

Yara suka kwashe da dariya. Ni hannunta nake kallo, don tana magana tana aiki. Ta tsinko ɓawo daga igiya, ta murƙushe shi da kanumfari da citta da masoro a kan ɗan dutse, ta zuba a buta. Da ya tafasa ta tsiyaya a kofin silba ta miƙa.

"Alhaji, ɗanɗana jiƙon tarina."

Ya karɓa don kada ya ƙi hannun uwa. Na san abin da ke faruwa a bakinsa: ɗaci kaɗan ya fara, lemu ya buɗe a bayansa, citta ta bi maƙogwaro da ɗumi, hayaƙi ya zauna a ƙarshe ya ƙi tashi. Ya sake kurɓa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Bai ajiye ba sai da ya ga gindin kofi.

"Iya, tun yaushe kike wannan?"

"Tun kana goye."

"Shi ne ba ki taɓa ba ni ba?"

"Ka taɓa zama?"

Ya juya kofin a hannunsa. Can ya ce, "A risho ba zai yi ba?"

"In rishon na hidda hayaƙin marke, zai yi. Sai ɓawo ya sha shi wata guda."

Ran Asabar magina suka zo. Baffa da kansa, da babbar rigarsa, ya ɗauki kara ya zana da'ira a ƙasa ta zagaye murhu da rumfa, ya ce duk wanda simintinsa ya taɓa cikin nan da shi zai yi. Muka yi ta tsalle muna ihu. Daga nan kowace Alhamis sai ga motarsa a ƙofar gida. Jan gwangwanin kuwa Iya ta mayar da shi ma'ajin allura da zare, yana nan har yau.

Na daɗe ina ɗauka Baffa kawai tatsuniyar ta caka, ni kuwa gwana ce, akuya mai hanci. Yanzu na gama sakandare, ina buga tafireta a wani ofis a GRA, sai na ga ba haka ba ne. Shekara da shekaru ina shan butar nan, ban taɓa tambayar kanumfari nawa ake sawa ba. Akuya ta gane ƙamshi, amma ba ta iya komai da shi ba. Makon jiya na ga Iya na lalubar ƙullin citta, ta ɗauko na kimba, sai da ta kai hanci ta gane. Ganinta ya fara raguwa.

Na riga na gaya wa Malam Idi ya riƙa fere mini nawa dogaye. Na ɗaura igiyata kusa da ta Iya. Daga wannan Alhamis ni zan riƙe buta, ita ta zauna ta yi ta yi mini faɗa har hannuna ya iya. Wanda kuma ya sake ce mini ɓawon na sauro ne, zan cika masa kofi, in tsaya a kansa har ya shanye.