Littafin da jikata take karanto mini a waya

Bayan mun baro ƙauyenmu na wajen Damari mun tare a unguwar Magajin Gari, jikata ta kamu da wani littafi da 'yan mata suke tura wa juna a waya. Idona ya yi rauni, karatuna na boko kuma bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, don haka ita take karanto mini idan ta kawo kunu zaure bayan la'asar. Tana ce mini angonta marowaci, ni kuma ina ce mata amaryar da ba ta iya damun kunu ba.

Da farko na ji daɗinsa. Akwai wata uwa a ciki da 'yan bindiga suka ɗauke 'yarta, kullum sai ta zuba tuwon yarinyar ta rufe, da safe ta juye wa awaki. Wannan na gan shi a gidana. Ɗana, mahaifin jikar tawa, daga gonar masara mutanen daji suka tafi da shi. Ba mu yi zaman makoki ba, matarsa ba ta shiga takaba ba, domin ba wanda ya ga gawa.

Daga nan littafin ya lalace. Shugaban 'yan bindigar ya zama kyakkyawan saurayi mai ƙamshin turare. Shi ne gasa wa yarinyar zabo, shi ne ciro mata zuma, har da cire riga ya lulluɓa mata. Na tabbata mai rubutun ko bakin dajin nan bai taɓa takawa ba. Waɗanda suka dawo da kumburarrun ƙafafu da shatar igiya a hannu sun gaya mana abin da ake ci a can. Ga jikata tana lanƙwasa murya tana kwaikwayon kalaman soyayyarsa, a zauren da mu manya ko ambatonsu ba ma yi da ƙarfi, don ba ka san wanda yake wucewa ba.

Na fizge wayar na ba kawunta, na ce ya ajiye. Ban tambaye ta komai ba, kuma a nan na yi kuskure. Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da kawo kunu, sai dai ta durƙusa ta ajiye, ta gaishe ni kamar baƙo, ta tashi. Wasa ya mutu a tsakaninmu.

Da abin ya dame ni, na tsayar da ita na tambaye ta me take nema a wajen wannan ƙazamin ɗan bindiga na littafin.

“Kaka, ni ba shi nake so ba,” ta ce. “Ina so ne in ɗauka ko a can akwai wanda ya taɓa miƙa wa Baba ruwa.”

Tun da aka tafi da ɗana, ranar ce na fara jin ta ambace shi.

Na aika aka karɓo wayar. Na ce mata littafin nan ƙarya ce mai wari, kuma ra'ayina ba zai sake ba, amma ta karanta abinta a cikin gida, ba a zaure ba. Ta ce to. Ta tambaya ko in an kai inda yarinyar ta komo gida ta zo ta karanto mini.

Na ce ta zo.