Takardar da Ta Zo Ta'aziyya

Shekara goma sha uku ina koyarwa a jami'a kafin mijina ya rasu, wajen ƙarshen shekarun tamanin, kuma ni kaɗai ce mace a sashenmu. Ajin 'yan shekarar farko, wanda ke cika har bakin taga, kullum ni ake danƙa wa, wai mata sun fi haƙuri. Ɗaliba ta haihu ana gobe jarrabawa, ko ta suma a aji, sai a ce, "A kai ta wajen Hajiya." Ban taɓa korar kowa ba. Amma ina can ina rarrashi, abokan aikina maza suna rubuta maƙalu, kuma ranar ƙarin girma maƙalun ake dubawa.

Digirin dakta ne ya tsaya mini a wuya. Duk hutu nakan je Riruwai in zauna da tsofaffin matan da suka yi wankin kuza a wurin haƙar ma'adinai, ina ɗaukar labarinsu a kaset. Kaset ya cika kwali biyu, lokacin zama in rubuta ne babu. Da aka ce akwai gurbin shekara ɗaya a wata jami'a a Turai, mijina ne ya matsa mini in nema. Malamin firamare ne ɗan garin Ƙofa, ga tsokana. Tun ina ƙaramar malama "Farfesa" yake kirana. Da hannunsa ya rubuta takardar amincewa. Ya ce yara huɗu ba za su gagare shi ba, muddin ba zan yi ƙorafin irin kitson da zan tarar a kan 'yan matan ba.

Da damina muka je Ƙofa hutu, ciwo ya kwantar da shi kwana tara. Ko ranar da ya fi jin jiki sai da ya tambaye ni, "Farfesa, takardar ta zo?" Na ce tukuna. Washegari da la'asar aka kai shi makwancinsa.

A ɗakinsa na gidan gado na shiga takaba. Ranar sadakar bakwai na ji tsayuwar mota, aka ce shugaban sashenmu ne da malamai uku. Ban fita zaure ba, su ma ba su nemi shigowa ba. Yayan mijina ya karɓe su, ya kawo mini saƙonsu: Allah ya ji ƙansa, in kwantar da hankalina, kada in damu da aiki. Na ji daɗi ƙwarai. Na tashi da kaina na dama musu fura da nonon da wata Bafulatana ta kawo da safe.

Na cika wata huɗu da kwana goma, na koma aiki. Ina shiga ofis, dattijuwar da ke buga mana takardu ta rufe ƙofa, ta ciro ambulan daga durowa ta ajiye a gabana, ta kasa kallona. An ba ni gurbin. An ce in amsa cikin mako shida. Wa'adin ya daɗe da wucewa, har an zaɓi wani malami a madadina, wanda ni na koyar da shi a shekararsa ta farko.

Na wuce ofishin shugaban.

"Ranka ya daɗe, yaushe wannan ta iso?"

"Kwana biyu bayan rasuwar, Hajiya. Wallahi da ita na je Ƙofa, tana aljihuna. A mota muka yi shawara, muka ga bai dace a kai wa mai takaba maganar tafiya Turai ba. Ga marayu huɗu. Tausaya miki muka yi."

"Amsa kawai suka nema, tafiyar sai bayan na fita takaba. Ai ba a haramta wa mai takaba riƙe biro ba."

Ya sunkuyar da kai. Shi kansa bara waccan matarsa ta rasu ta bar masa yara biyar. Mako guda ya yi ya dawo, ya tarar da takardunsa a kan tebur, ba wanda ya yanke masa shawara a mota.

Ba ni da faɗa da takaba. Umarnin Allah ne, kuma na yi ta da zuciya ɗaya don mutumin da ya cancanta. Wataƙila ma da an tambaye ni, in dubi yaran in ce na fasa. Amma da bakina zan faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mugunta ba ce, balle in yi Allah ya isa in huce. Har bawan Allahn nan ya yi ritaya yana ganin alheri ya yi mini.

Kaset ɗin suna nan a kwalinsu, matan Riruwai sun rasu ɗaya bayan ɗaya. Ban zama dakta ba, balle abin da mijina ke kirana. Har yau in na je Ƙofa na ratsa zauren nan sai in tuna. Takardar da ya mutu yana tambaya ta zo har gidan ubansa, ta zauna a kan tabarma taku ashirin daga inda nake, ta koma. Ni kuwa ina ciki ina dama wa mai ɗauke da ita fura.