Gaiwa a Tafkin Chadi

Laifina ɗaya ne, kuma ƙarami: ban farfasa hoge ba. Malamin labarin ƙasa ya faɗa sau uku, har da buga tebur, cewa duk wanda ya ɗebo laka ya daka ta, ya tankaɗe, sannan ya kwaɓa. Na ji shi sarai. Amma rana ta yi zafi, ni kuma tun ina ƙarami ba ma shiri da taɓarya.

Abin ya faro ne a ƙarshen zango na biyu, cikin bazara. Malam ya raba wa 'yan ajinmu aiki, kowa ya gina kogi ko tafki da laka, ya kawo makaranta ya yi bayani, makin kuma zai shiga jarrabawa. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya ta samu haɗuwar Neja da Binuwai a Lakwaja. Ni na roƙi a ba ni Mariga, kogin da na san ɗanɗanon ruwansa don na sha shi ba da son raina ba. Malam ya ce a'a, Tafkin Chadi zan yi.

A gida kuwa Baba ya riga ya yanke hukunci. Na faɗi jarrabawar labarin ƙasa a zangon farko, faɗuwar da har a ajin maƙwabta an ji ƙararta. Ya ce in na sake, hutun nan gaba ɗaya a Gayam zan yi shi, wajen ƙanensa, ana sharar gona da kai taki. Baffan nan nawa mutum ne da ke ganin zama a inuwa wani nau'in ciwo ne.

Saboda haka na ɗauki buhu na nufi tafkin bayan gari. Da damina ruwansa yakan kai ni wuya, shanu su sha, mu yi iyo. Yanzu ya ƙafe, ƙasar ta tsattsage kamar dunduniyar kakata. Na haƙa gefen da ke da sauran danshi, na cika buhu, sannan fartanya ta ɓamɓaro wani hoge mai girman tukunyar miya. Na dube shi na ce wannan ai tsibiri ne Allah ya gama gina mini. Malam ya ce akwai tsibirai a Chadi, to ga ɗaya.

Na ari bahon wankin Inna, irin aron da mai abu ba ya sani. Na shafe cikinsa da laka, na dasa hogen a tsakiya, na ja kogin Shari daga kudu da cokali, na ja Yobe daga yamma da tsinke. Na kafa tutoci huɗu na takarda: Najeriya, Nijar, Chadi, Kamaru. Da na ja baya na kalla, sai na ji tausayin sauran 'yan ajin.

Ranar bayani, tun da safe kowa ya zuba wa nasa ruwa aka jera a bayan aji. Ni bokiti guda na juye, har tsibirin ya nutse saura ƙoƙon kansa. Ba a zo kanmu ba sai bayan tara ta biyu, gab da azahar. Kafin nan laka ta shanye fiye da rabin ruwan, tutar Najeriya ta koma tsaye a kan tudu.

Yarinyar Lakwaja ta fara. Har shuɗin wanki ta sa a ruwanta. Malam ya yi ta gyaɗa kai kamar ana karanta masa albishir. Sannan aka kinkimo bahona gaban allo.

"Ina ruwan?" in ji Malam.

"Ya janye, Malam. Ai haka na gaskiyar ma ya yi."

Aji ya yi dariya, amma na ga gefen bakin Malam ya motsa, sai na samu ƙarfi. Na ce a da tafkin nan kamar teku yake, sai fari ya zo, ruwan sama ya ragu, kogunan da ke ciyar da shi suka rame, masu noman rani kuma suna jan nasu. Na ce akwai garuruwan da kakanninsu suka ɗaure kwalekwale a ƙofar gida, jikokin kuma sai sun yi tafiya mai nisa kafin su ga ruwa. Ina cikin nuna tsibirin da rula, sai tsibirin ya yi motsi.

Na ɗauka yunwa ce ke juya mini ido. Sai ya tsage gida biyu, wani baƙin kai mai santsi ya leƙo, ya buɗe baki ya ja numfashi. Wani a baya ya ƙwala ihu, "Maciji!" Ban taɓa sanin taga ɗaya za ta iya fitar da mutum shida a lokaci guda ba. Yarinyar Lakwaja ta haye benci rungume da kogunanta, Binuwai na zuba mata a takalmi. Abin ya warware jikinsa, ya yi bulala da wutsiya sau ɗaya, Kamaru ta faɗi. Ya sake, Nijar ta manne a rigar Malam.

Malam bai gudu ba, ya dai koma bayan kujera don ya fi gani da kyau. Daga can ya leƙo ya ce, "Kai, ɗan nema! Wannan ai gaiwa ce. Ka daka lakar nan kuwa?"

"Na daka ta gefe, Malam."

"To tunda ka kawo baƙuwa, gaya mana me take yi a cikin hoge."

Wannan kam ko a barci aka tashe ni na sani, don kowace bazara muna bin masu haƙarta. Na ce idan tafki ya fara ƙafewa, gaiwa takan nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar ƙofar iska, ta kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo. Ruwan bokitina ta ji, ta ɗauka damina ce. Malam ya tambaya, in ruwan bai dawo ba fa? Na ce to sai ta mutu a ciki, Malam. Ya ce sauran kifayen da ba su iya wannan dabara ba, da masuntan da ke bin su, su yake so in tuna idan an ce tafki ya janye. Ya goge Nijar daga rigarsa, ya rubuta wani abu a littafi.

Na ci jarrabawar, da ƙyar. Gaiwar muka kai ta wani gurbi mai ruwa a Mariga, ni da rabin ajin. Inna ta wanke bahonta sau huɗu tana faɗa mini asalin halina. Da Baba ya ji labarin daga farko har ƙarshe, ya ce rabin makin na kifin ne, don haka rabin hutun na Baffa ne. Sati biyu na yi a Gayam ina kai taki.