Aikin Wa Na'ura Za Ta Ɗauka

Lokacin mulkin soja muna karatun kwamfuta a Sakkwato, malaminmu ya samo gurbin kwas guda ɗaya a Legas. Ni na ɗauka nawa ne, don ni ne na ɗaya a ajinmu. Abokina, ɗan mai sayar da gero a Ƙofar Marke, kullum a gefena yake zama yana leƙen takardata.

Malam ya ce tambaya ɗaya za ta raba gardama. Ya zana akwatuna huɗu a allo. A irin shirin kwamfuta da muke koyo, wani ɓangare yakan gaji ayyukan wani, kowane akwati kuma ɓangare ne. Na ƙasa, wato ɗa, ya gaji biyu, ya kira su uba da uwa, su kuma tushensu ɗaya, kaka. Kaka yana da wani aiki, uwa ta sake shi yadda take so, uba bai taɓa shi ba. In an nemi aikin wurin ɗan, na wa na'ura za ta ɗauka?

Ko tunani ban yi ba na ce na kaka. A gidanmu na Ƙofar Dundaye sai an ƙure dangin uba kaf kafin a waiwayi uwa, na zaci ita ma na'ura haka aka tarbiyyantar da ita.

Abokina ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, wanga ai auren zumunci na. Inna da baba kakansu guda. Gidanmu ba a kai magana ga tsoho sai su biyun sun kasa. Na uwa za ta ɗauka."

Malam ya buga shirin, na'ura ta ɗauki na uwa, gurbi ya zama na abokina. Aka yi ta tafi, ni ma na tafa, amma wallahi zuciyata tafasa take yi. Shekara uku ina ƙona idona a karatu, shi kuma auren iyayensa ya ci masa jarrabawa. Hassada ce, na sani, ban kuma iya korar ta ba.

Ni na ɗaukar masa jaka zuwa tasha. Da zai hau mota ya kama hannuna ya ce, "Ara man littahinka na darasi, kai ka hi ni iyawa."

Na ce masa littafin ya ɓace. Yana nan cikin akwatina har yau, ban sake buɗe shi ba.