Mai Sassaƙa Shi Ke Fara Shiga

Karatun fiƙihu ne ya kai ni Alƙahira, amma aikin da na fi alfahari da shi a can da guduma na yi shi.

Maƙwabcina a unguwar Hayyin Ashir wani Bahaushen Sudan ne, dogo, gwiwoyinsa duk tabo. Sana'arsa hawan allo mai taya, katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu da ake tsayawa a kai. Shi ba wasan titi yake so ba. So yake ya gangaro cikin wani kwarin katako mai kamar rabin ganga, ya haura ɗaya gefen, ya tashi sama ya juya. Burinsa ya ɗauki bidiyo ya aika wa masu shirya gasa a ƙasashen waje, ko sa kira shi. Sai dai kwarin ne babu. Sau biyu shi da abokansa suna haɗawa a bayan wani gareji, sau biyu falankin yana tsagewa wajen lanƙwasawa.

Ni kuwa ɗan masassaƙin jirgin ruwa ne daga Yawuri, abin da ban taɓa gaya wa 'yan'uwana ɗalibai ba, don a cikinsu kowa ɗan babban malami ne. Ranar da na ga tsagaggen falankin sai bakina ya suɓuce.

"Wa ya ce muku ana lanƙwasa katako yana jin ƙishirwa? Ku jiƙa shi mana!"

"Ya zol!" in ji maƙwabcin nawa, wato "kai mutumina" da Larabcin Sudan. "Malam, dama ka iya ka yi shiru?"

Makonni muka yi muna jiƙawa, muna tanƙwarawa a hankali, muna ɗaurewa da igiya rana ta busar. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai, har waƙar masunta nake yi ba tare da na sani ba.

Da muka gama ya ɗauko allonsa zai hau, na riƙe masa riga. Babana yana da doka: jirgin da ka sassaƙa kai za ka fara shiga, in zai nutse ya nutse da kai, ba da ɗan wani ba. Wannan bawan Allah kuwa ƙafafunsa ne jarinsa. Ƙusa ɗaya ta saki, shi ke nan burinsa.

"Malam, ba ka taɓa hawa ba fa. Khalas, bar shi."

"Miƙo allon."

Da na hau sama na leƙa sai na yi da-na-sanin iyayina, amma bakin alƙalami ya bushe. Na tattare jallabiya, na yi bisimilla, shi da abokansa suka ce yalla, wato in gangara. Allo ya yi gabas, ni na yi yamma, na faɗo tim a tsakiyar kwarin da dukan nauyina, ga shi waken Masar ya karɓe ni. Suka rugo. Na ɗaga hannu na ce kowa ya yi shiru. Ina kwance na manna kunnena a katakon, na doke shi da hannu nan da can. Ko ƙis bai yi ba.

"To, hau," na ce masa.

Ya gangaro, ya haura, sai ga shi a sama ya wuce katangar garejin, hannu ɗaya riƙe da allon. Na daina numfashi, don daidai mahaɗar falankin da na fi tsoro zai dira. Ya dira. Katakon ya karɓe shi, ya sake cilla shi sama. Na kurma ihu har mai garejin ya fito a guje, ya same ni ina ɗingishi ina tsalle, hawaye na zuba.